Kwalaben Habboba

Abin da na fara lura da shi ranar da aka kawo ni gidan kakata a unguwar Bani Malik, a nan ƙasa mai tsarki, shi ne yatsunta, duk sun rine saboda haɗa turaren wuta. Habboba muke kiranta, kamar yadda ake kiran kaka a Sudan inda aka haife ta. Da rana tana kasa turaren a bakin titi. Bayan magariba mukan hau soro, ta hura gawayi a kasko, ta ɗora gahawa, mu zagaye ta.

Labarin da ta fi maimaitawa na wani Bayahude ne mai sayar da yadi a Omdurman, wanda babanta ya yi wa dako. Wata rana ɗan Bayahuden ya tsaya gaban wata tsohuwa mai tabarmi, ya sa ta warware su duka, ya taya, ya yi dariya, ya wuce. Da uban ya ji, sai ya jawo kunnensa har gaban tsohuwar, ya sa shi ya saya.

"A shari'arsu," in ji Habboba, "haramun ne ka tambayi kuɗin kaya alhali ba saye za ka yi ba. In ka cuci mutum a farashi, kana iya mayar masa. In ka sa masa rai ka wuce, da me za ka biya?"

"Ai tambaya kyauta ce," in ji yayana.

"Ga mai tambayar ba, ja'iri. Yalla, miƙo kofinka."

Iƙamar Habboba, wato takardar izinin zamanta a ƙasar, ta daɗe da mutuwa, shi ya sa take kwashe kayanta kafin la'asar, lokacin da motar baladiyya, hukumar gari mai kamen 'yan talla, ke zagaye. Wata rana ina zaune gefenta da jakar makaranta, wata mata ta tsayar da mota, ta shinshina kowace kwalba. Ta ce bikin 'yarta za a yi, duka take so, a jira ta yanzu za ta dawo. Ko murfi ɗaya ba ta mayar ba.

Habboba ta jira har aka kira la'asar. Motar da ta zo ba ta matar ba ce. Aka kwashe kwalaben, ita kuma aka kai ta tarhil, inda ake tsare waɗanda za a kora daga ƙasar, daga can aka mayar da ita Sudan. Matar nan ba ta ɗauke mana komai ba, babu inda za a kai ƙararta.

Kaskon yana nan a soro, ba mai hura shi. Jiya muna dawowa daga makaranta, ƙawata ta durƙusa gaban wata tsohuwa mai gyaɗa, na kuwa san ba riyal ko ɗaya a jikinta. Ban cika magana ba, amma na riƙe abayar ƙawar tawa, na ce:

"Don Allah, in ba saye za ki yi ba, kada ki tambaye ta."