Baƙon da Tasha Ta Aiko

Tashar jirgin ƙasa ta New Bell a Douala ba wurin da za a kai baƙo yawon buɗe ido ba ce. Gini ne gajere mai rufin kwano, wanda aka ce tun zamanin Turawa yake tsaye, da taga mai sandunan ƙarfe inda ake yankar tikiti, da dogon dakali da damina ta cinye gefensa. Layin dogo yana ratsa gidaje dab da dab, har mata kan ruga su kwashe shanya idan jirgi ya yi kuwwa. "Gar" muke ce mata, yadda muka ji a bakin masu Faransanci.

Mahaifina mai masauki ne. Duk wanda ya sauko daga arewa, da buhunan albasa ko da 'yar jakarsa kaɗai, in bai san kowa ba, masu shayin bakin tasha kan nuna masa gidanmu. A ba shi tabarma a ɗakin baƙi da ke jikin zaure, ya ci abin da muka ci har ya san gari. Daga baya fasinjoji suka koma babbar tasha, fatake suka koma motocin haya. Mahaifina ya rasu, ni na tare a unguwar Makèpè kusa da abokan aikina, ƙanwata da 'ya'yanta suka ci gaba da zama a gidan. Ɗakin baƙi kuwa na cika shi da tsofaffin kujeruna da kwalayen littattafai, na kulle.

Bara, ina ofis, ƙanwata ta kira ni.

"Yaya, ga wani a zaure da jaka. Wai daga gar aka turo shi."

"Wane jirgi ya kawo shi?"

"Jirgi kuma? Mota ya biyo daga Kano. Kawunsa ne ya ce masa in ya iso Douala ya nemi tashar New Bell, a can ake samun masauki."

Na kasa zama. Na rufe fayil, na buɗe, na sake rufewa, daga ƙarshe na ɗauki makullaina na nufi gidan. A cunkoson mahaɗar Ndogbong na yi ta tsara jawabin haƙuri: zamani ya canza, gidan mata ne a ciki, ba mu san shi ba. Duk gaskiya ne. Abin da ya dame ni shi ne da Faransanci nake tsara shi, na kuma rasa yadda zan faɗe shi da Hausa ba tare da na ji kunya ba.

Na tarar da baƙon a zaure, magidanci ne mai sayar da takalma, ya miƙe ya gaishe ni da "Alhaji". Ban faɗi jawabin ba. Tare muka fitar da kujerun, ƙura ta sa mu atishawa, ƙanwata na kallonmu daga bakin madafa.

Bayan la'asar na taka zuwa tasha, da niyyar a daina turo mana kowa. Tsohon mai shayin da ya san mahaifina yana nan a gindin katanga.

"A'a, Bature ya tuna hanya!" in ji shi. "Ko ka zo sayen tikiti ne? Tagar tana hutu."

"Baba, kai ka turo mana baƙo?"

"To ina zan kai shi, gidan gwamna? In kun rufe ɗakin ka faɗa mini, bakina ya huta."

Na dubi ciyawar da ta tsiro tsakanin ƙarafan dogo. Na ce ya ci gaba, amma ya riƙa sa a kira ni tukuna. Ya yi dariya, ya ce dā ba a neman izini, amma ya ji.

Da na koma na gaya wa ƙanwata, sai ta ajiye ludayi.

"Kai ka ce a ci gaba, Yaya, ka koma Makèpè ka kunna fanka. Wa zai tuƙa tuwon? Wa zai kwana da baƙo a bayan ƙofarsa?"

Na cire makullin ɗakin daga cikin nawa na miƙa mata, na ce daga yau ita za a kira, in ta ce a'a, a'a ce. Ta juya shi a tafin hannu, ta ƙulle a bakin zane.

"Wannan dai ya riga ya shigo," ta ce. "Na gaba, sai na ga idonsa."