Bugun da Ya Amsa Daga Cikin Tankar Yaƙi

Jama'a, abin da zan gaya muku wallahi da kunnena na ji shi, da idona na gani, kuma a shekaruna ba ni da abin da zan samu a ƙarya. Abin da ya tono mini shi, jikana ne ya nuna mini tankar yaƙi ta zamani a wayarsa, yana ta bayani wai tana gani cikin duhu, tana gudu tana harbi ba ta kuskure, sulkenta hawa-hawa kamar ɓawon albasa. Na ce ya kawar da ita daga gabana. Ya yi dariya, ya ɗauka tsoron bindiga nake yi.

A Jalingo aka yi abin, zamanin Turawa, bayan an gama yaƙin nan da aka kwashi samarinmu zuwa ƙasar Bama, can gaba da Indiya. Ina aji uku a elementare, kuma ni ce yarinyar da ko malam ya kira sunanta sai ta sunkuyar da kai. Ba na magana, amma ba abin da ke wuce idona. Babana maƙeri ne, kakanninmu daga Kano suka zo da sana'ar. Yayana Habu, ɗan farinsa, shi ke riƙe masa masaɓa, wato babbar gudumar da ake dukan jan ƙarfe da ita, har ranar da ya sulale ya shiga soja ba da yardar Baba ba. Baba ya faɗa a gaban mutane cewa tunda ya zaɓi bindiga a kan maƙera, to kada ya ƙara tako masa ƙofa. Wasiƙa biyu suka zo, malaminmu ya karanta mana, a kowace Yaya yana roƙon a yafe masa, Baba bai ce a mayar da amsa ba. Daga nan sai shiru. Abokan tafiyarsa suka dawo da akwatunansu na ƙarfe, wannan ya ce ya gan shi a asibiti, wancan ya ce a jirgin ruwa. Ba takardar mutuwa, ba Habu. Inna ta hana a yi masa sadaka, ta ce ba a yi wa mai rai. Baba kuwa ya rame, don ya daɗe da hucewa, sai dai ba wanda zai gaya wa.

Da damina, ruwan Binuwai ya cika, aka kawo wata tankar yaƙi a jirgi aka sauke ta a Lau, sojoji suka tuƙo ta zuwa Jalingo don a nuna wa talakawa irin abin da aka ci yaƙi da shi. Mutane har daga Iware suka zo kallo. Ba ta kai na yanzu girma ba, amma mu a lokacin dutse muka gani yana tafiya. Ba ta da taya irin ta mota, sarƙa ce mai faɗi a kowane gefe, tana shimfiɗa wa kanta hanya tana naɗewa. A samanta akwai wani kai mai juyawa da igwa a goshinsa, da murfi inda mutum ke zurawa ciki. Taga kuwa babu, sai wata 'yar tsaga a gaba mai gilashi mai kauri, faɗinta bai fi tafin hannuna ba. Na lura duk inda aka haɗa ƙarfe da ƙarfe akwai kawunan ƙusoshi a jere kamar maɓallan riga, kuma fentin wajen murfin ya goge saboda hannaye.

Kwana biyu tana zagaya fili, a na uku ƙusar da ke haɗa gaɓoɓin sarƙar hagu ta karye kusa da kasuwa, ta tsaya cak. Aka nemi maƙeri, aka zo wa Baba. Ya auna, ya koma ya ƙera wata, washegari da hantsi ya tafi sa ta.

Da aka tashe mu daga makaranta Inna ta ba ni fura in kai masa. Na iske rana ta take, 'yan kallo sun watse, Baturen da ke shugabantar sojojin ya rufe murfin a kan idona, ya sa kwaɗo, ya jefa makullin a aljihu, ya tafi cin abinci da sauran. Aka bar wani saje yana gadi, dogon mutum mai tsage a kumatu, Hausarsa irin ta barikin soja.

"Baba maƙeri, wannan yarinya naka ne?" in ji shi. "Shi ba ya gaisuwa?"

"Tana yi, a ciki," in ji Baba. "'Yar boko, ajiye can, ki zauna a inuwa."

Baba yana da wata al'ada, ba ya barin aiki sai ya bi ƙarfen da 'yar ƙaramar gudumarsa yana ƙwanƙwasawa yana saurare, don mai tsaga kukansa daban. Ya bi gaɓoɓin sarƙar ɗaya bayan ɗaya, sannan, ina jin don sha'awar ƙarfen ne kawai, ya miƙe ya ƙwanƙwasa jikin tankar sau biyu. Ƙwas, ƙwas.

Sai aka amsa daga ciki. Dum! Duka mai nauyi, har furar da ke cikin ƙwarya ta motsa.

Saje ya miƙe. "Wa ya buga?"

Baba bai kula shi ba. Ya sake, ƙwas, ƙwas. Dum, sannan wani ɗan ƙaramin sauti a bayansa, kas.

To a nan ne na gane bugun. Ku da ba ku tashi a maƙera ba, bari in gaya muku. Maƙeri da mai riƙe masa masaɓa ba sa magana da baki, ƙarar wuta da zugazugi ba ta bari. Babban yana taɓa wurin da ƙaramar guduma sau biyu, mai masaɓa ya sauke duka a nan. Yaya Habu kuma yana da wani hali da Baba ya yi faɗa a kai har ya gaji: in ya sauke duka sai ya bar masaɓar ta ɗan yi tsalle ta sake taɓa ƙarfen. Kas. Duk Jalingo ba mai yin haka sai shi. Tun ina goye nake jin wannan sautin.

Na dubi Baba, na ga shi ma ya gane. Hannunsa dai bai tsaya ba, yana bugawa ana amsawa, yana bugawa ana amsawa, kamar suna tsakiyar ƙera garma.

"Babu mutum a ciki," in ji Saje, muryarsa ta sauya. "Ni na duba da kaina. Ga kwaɗo nan."

"Hau ki leƙa," Baba ya ce da ni, bai ko juyo ba.

Saje ya ɗaga ni ya ɗora a gaban tankar, ƙarfen na ƙona mini gwiwa ta cikin rigar makaranta. Na kare ido da hannu na manna fuska a tsagar. Da farko duhu, sannan na fara rarrabe abubuwa: sanduna biyu na tuƙi, da kujerar direba mai fata. Ba kowa. Amma fatar kujerar a lotse take kamar an zauna a kai, kuma duk lokacin da dukan zai sauka sai ta ɗan taso ta sake lotsawa. Gilashin kuma, ta ciki, yana yin hazo yana washewa, yana yin hazo yana washewa, daidai tsayin bakin mutum. Wallahi tallahi tsakanina da wannan numfashin bai fi kaurin gilashin ba.

"Me kika gani?" in ji Baba.

Na kasa.

"Kira shi," in ji Baba.

Kun san ɗan fari. Uba ba ya kama sunansa, balle a garinmu da muke zaune cikin Fulani, inda abin ya fi tsanani. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan Yaya a bakin Baba ko Inna ba, sai dai "yaron nan" ko "wancan". Ko a wannan halin harshensa ya ƙi. Saje bai san sunan ba. Saura ni.

Na buɗe baki. Na rantse muku na buɗe, sunan yana nan a maƙogwarona, amma iska kawai ta fito.

"Ke nake wa magana. Kira sunan yayanki."

Hawaye kawai nake yi. Sai Baba ya matso don ya kama ƙafata ya girgiza ni, kuma don ya sami hannu, ya kwantar da 'yar gudumar a kan tankar, a gefenta.

A maƙera, in babba ya kwantar da guduma a gefenta, ma'anarsa aiki ya ƙare, mai masaɓa ya tafi. Yaya bai taɓa saɓa wannan ba ko sau ɗaya.

Ina kallo fatar kujerar ta taso a hankali ta cike. Hazon ya washe, bai dawo ba.

Baba ya dubi gudumar, ya dubi hannunsa, ya ce, "Innalillahi." Ya fizge ta ya buga sau biyu. Shiru. Ya sake. Shiru. Ya zagaya tankar yana bugawa ta kowane gefe, sannan ya manna goshinsa a ƙarfen nan mai zafi, ya ɗaga murya, mutanen kasuwa na ji:

"Habu! Abubakar! Na yafe maka, duniya da lahira."

Ba abin da ya amsa.

Da Baturen ya dawo aka buɗe murfin, Saje ya shiga da kansa ya fito yana karanta abin da ya sani. Ba kowa, ba ko guduma a ciki. Baturen ya sa aka gaya wa Baba wai haka ƙarfe yake yi in ya sha rana. Baba ya ce, "Gaya masa shekarata arba'in ina jin kukan ƙarfe. Yana kuka, amma ba ya jira a kira shi." Ya tambayi Saje ko tankar ta je Bama. Saje ya ce ko kusa, ita a hamada ta yi yaƙinta, ba abin da ya haɗa ta da mutanenmu.

A gida Inna ta saurari labarin har ƙarshe, sannan ta juyo gare ni.

"Shi kunya ta hana shi. Ke me ya hana ki?"

Bayan kwana uku ita da kanta ta jiƙa gero aka yi gumba aka raba sadaka. Takarda ba ta taɓa zuwa ba, Yaya bai dawo ba, tankar kuma aka mayar da ita Lau kafin ruwa ya janye.

Baba ya ƙara shekaru masu yawa a duniya. In mun zauna mu biyu, ko da ina da aure da 'ya'ya, sai ya ce, "Ke da kika leƙa, lokacin da na yi maganar, yana nan ko ya riga ya tashi?" Nakan ce yana nan, Baba. Allah Ya yafe mini, na ga kujerar.

Ban san abin da ya zauna a cikin tankar nan ba, kuma ban ce ku yarda fatalwa ce ko aljani ba. Abin da zan ce muku kawai, in akwai wanda ke jiran wata kalma daga bakinku, ku faɗe ta yau, da sunansa, tun yana inda zai ce na ji.