Ruwan da Ke Ɓacewa Daga Tankin Motar Marigayi

Ni dai ba na zubar da ruwa. A unguwar da na tashi a Kano, famfo sai ya ga dama yake kawowa, ranar da ya kawo kuwa har kofin shayi sai an cika. Shekara ashirin da 'yan kai ina New York, ruwa na zuwa dare da rana, amma har yau in na ga mazubi a bushe hankalina ba ya kwanciya. Ko a gidanmu na Morris Heights akwai bokiti biyu cike a banɗaki. 'Yata ta yi mini dariya har ta gaji ta haƙura.

Maigidana, Allah ya jiƙansa, ya sayi wata tsohuwar mota mai ɗaki, irin wadda ake tafiya da ita a kwana a ciki. Akwai gado, ɗan kicin, banɗaki, da tankin ruwan sha a ƙarƙashinta. Shekara takwas muna fita da ita duk lokacin zafi, mu bar garin da hayaniyarsa, mu je bakin tafki in tuƙa mana tuwo. Shi ne mai tuƙi da gyara, ni ce mai ruwa. Duk ranar da muka dawo daga tafiyar ƙarshe ta shekara, kafin mu kulle ta a filin da ake ajiye motoci, sai na ja tiyo na cika tankin nan taf. Yakan tsaya ya kalle ni yana murmushi, bai taɓa cewa uffan ba. Daga nan ba na sake ganin motar sai sanyi ya wuce, shi kaɗai yake leƙawa, wai duba batir.

A watan Mayu ya rasu. Da aka zo rabon gado na ce a bar mini motar a rabona, ba na son komai bayan ita. Hularsa na nan rataye a bayan kujerar direba. Da na fita takaba, duk Asabar sai na hau bas na je na zauna a ciki, in sha shayi, in yi kukana babu mai ba ni haƙuri.

A filin nan ne wani abokin maigidana yake ajiye tasinsa. Mutumin Kumasi ne, ɗan Zango, unguwar Hausawan can, dattijo mai yawan shiru. Tun maigidan na da rai yake yaba motar, ya shafa gefenta yana cewa wata rana shi zai gaje ta. Da wasa yake faɗa, na sani, amma ban manta ba.

Wata Asabar cikin Oktoba ya ƙwanƙwasa mini ƙofa, da wata leda a hannu. Muka gaisa, ya sake yi mini ta'aziyya, sannan ya ce:

"Hajiya, ki ba ni izini in yi wa motar ɗan gyara. Bawul ɗin da ake zubar da ruwan tanki yana can ƙasa a tsakiya, sai mutum ya kwanta ya ja jiki kafin hannunsa ya kai. Zan jawo bututu zuwa gefe in sa famfo, sai dai ki sunkuya ki murɗa."

"In murɗa in yi me, Alhaji?"

"Ki zubar da ruwan kafin sanyi ya shigo. In ya daskare kumbura yake yi, tanki ya fashe."

"Shekara takwas ina cika shi, yana kwana cikin ƙanƙara, bai fashe ba. Sai bana da mai shi ba ya nan?"

Ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Wannan sunkuyawar ce ta tsaya mini a rai. Na ce a zuciyata, to fa, akwai wata a ƙasa.

Kunya ta hana ni korar abokin mijina, don haka na ce ya yi. Amma ban matsa ko taku ɗaya ba. Ya shimfiɗa kwali, ya kwanta da tocila a baki, ya shige har ƙafafunsa kaɗai nake gani. Na ji yana yanka wani abu, na ji yana nishi. Ya jona farin bututu, ya ɗaure shi da ƙarfen jikin motar, ya fito da bakinsa bayan tayar baya, ya ɗaura ɗan famfon tagulla mai jan hannu. Aikin ya yi kyau, ba zan yi ƙarya ba. Sai dai na lura ledar da ya ciro kayan duk ƙura ce, kwalin famfon ma ya koɗe. Na ce wato tarkacen da ya daɗe a but ɗin tasinsa ya kwaso ya liƙa mini.

Yana tafiya na ja tiyo na cika tankina. Akwai 'yan fitilu huɗu a bangon kicin da ke nuna yawan ruwa, duka suka kama.

Asabar ta gaba na danna, ko ɗaya ba ta kama ba. Tanki wayam.

Na fita na zagaye motar. Famfon a rufe yake, ba ya ɗiga. Na sake cikawa, na zauna awa biyu ina leƙen ƙasa, ko ɗigo babu. Da na dawo bayan mako, wayam kuma. A karo na uku na tsinko zare daga bakin mayafina na ɗaure jan hannun da bututun, ɗauri na hankali wanda ido ba zai gani ba. Na dawo na tarar zaren ya tsinke.

Ranar ko shayin ban sha ba. Na zauna na haɗa lissafin abin a kaina, komai ya zauna daram. Ya sa famfo a waje inda hannunsa zai kai. Zai yi ta zubar da ruwa har in ɗauka tankin ya lalace, in ce ni mace ba zan iya da wannan wahala ba, sai ya zo da fuskar tausayi ya ce in sayar masa ya rage mini nauyi. Wallahi raina ya ɓaci ƙwarai. Mutumin da ya ɗauki makarar mijina da kafaɗarsa!

Na san yana zuwa ɗaukar tasi da safe bayan ya fito daga masallaci. Ranar Juma'a da yamma na cika tankin, washegari na riga shi isa filin, na shiga na saki labule na zauna. Sanyi ya fara cizo, yatsuna har sun ƙage. Can na ji takunsa. Bai nufi tasinsa ba, kai tsaye ya zo bayan tayar. Na ji ya yi bisimilla, sai ƙarar ruwa a kan kwalta.

Na banko ƙofar na diro.

"Sannu da aiki, Alhaji. Har da bisimilla?"

Ya zabura, ya rufe famfon da sauri. Ban bar shi ya yi magana ba. Na faɗa masa zancen zaren, na faɗa masa zancen gadon da yake yi da wasa, na ce in motar yake so ya fito fili ya faɗa, amma ya sani sai dai bayan raina. Na faɗi abubuwan da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Yana tsaye yana saurare, ruwa ya jiƙa masa bakin wando.

Da na yi shiru, sai ya je but ɗinsa ya ɗauko kwalin nan da tocila, ya shimfiɗa a ƙasa.

"Hajiya, maigidanki ya ce kar in faɗa miki, na kuma yi masa alkawari. Amma bai ce kar ki gani ba. Ki daure ki shiga."

Fushi ne ya kwantar da ni, ba don haka ba gwiwoyina ba za su yarda ba. Na ja jiki a hankali, ƙarfe yana gogar goshina, sanyin ƙasa yana ratsa bayana. Wurin ya matse, numfashi ma da ƙyar. Na haska tankin. A gefensa akwai tsaga mai tsawon kamu biyu, an bi ta da baƙin gam an yi mata faci, tsohon faci wanda ya sha ƙura. Kusa da ita, a jikin tsohon bututun, an naɗe wani tsumma don kare sanyi. Atamfata ce, shuɗiya mai zanen ganye, wadda ta ɓace shekarun baya har na zargi matan ɗakin wanki na gidanmu.

Daga waje na ji muryarsa a hankali.

"Shekarar farko tankin ya fashe. Ni da marigayi muka gyara. Tun daga nan, duk ranar da kika cika, washegari sai ya dawo ya shiga nan ya zubar, in zafi ya zo ya riga ki zuwa ya cika. Ya ce ke da ruwa sai Allah, ba zai iya hana ki ba. Kayan famfon nan shi ya saya, ciwo ya kwantar da shi kafin ya ɗaura. A asibiti ya ce in sa miki."

Sai na tuna duk farkon sanyi yadda yake dawowa gida yana dafe da ƙugu, ni kuma ina shafa masa man zafi ina faɗa, wai ya cika ɗaukar kaya masu nauyi a wurin aiki kamar yaro. Yana kwance yana cewa to, Hajiya, na ji, zan rage.

Na daɗe a ƙarƙashin motar nan. Dattijon bai ce in fito ba.

Da na fito na ce, "Alhaji, ka yafe mini." Ya ce babu komai, ya juya yana kaɗe kwalinsa don kar ya ga fuskata.

Na je bayan tayar na sunkuya, na kama jan hannun na murɗa da kaina. Ruwa mai kyau, garai-garai, ya yi ta kwarara yana bin kwalta zuwa kwata. Hannuna na dama sai ƙaiƙayi yake, yana neman bokiti. Na riƙe shi da na hagu har ruwan ya ƙare.