Ranar da Baba ya zo ganin aikina

A ɗakin gwaji kusa da garin Makwar nake aiki lokacin. Abokin aikina ke kiwon tsutsar auduga, ya fesa mata magani, ya ƙirga wadda ta mutu. Ni kuma ina shirya sakamakon a jadawalin kwamfuta, kowane magani da layinsa.

Wata Asabar Baba ya baro hawasharsa, gonar audugar da ya tsufa a cikinta, ya zo ganina. Na zaunar da shi gaban kwamfuta ina ta bayani. Ya ce, "Madalla. To ina tsutsar?"

Na kai shi wurin abokin aikina. Nan Baba ya tsuguna gaban kwalaben da tsutsar ke ciki, suka shiga hira da Larabci suna dariya, har Baba yana ce masa "ya waladi", wato ɗana. Ina tsaye bakin ƙofa ina kallonsu. Ban taɓa jin Baba ya yi doguwar hira haka da ni ba.

Da na je gida hutu, ya ɗaure gyaɗa a leda ya miƙo mini. Har na fara godiya, sai ya ce, "Ka kai wa yaron nan mai tsutsa."