Akwatin Lauyan Fotugal

Edmonton

Muna idar da sallar asuba muka fito ni da Umma, ƙarfe shida da rabi, gari bai waye ba. Asabar ce. Ran Litinin zan miƙa aikin tarihi a makaranta a kan wani lauya ɗan siyasar Fotugal na ƙarni na sha tara, amma shafi ɗaya kacal na rubuta. Sauran labarin yana hannun Dona Amélia, wata tsohuwa da Umma ta taɓa yin jinyarta a asibiti. Shi lauyan, kakan kakanta ne. Ta ce mu zo ƙarfe takwas, domin tara da rabi mota za ta kwashe kayanta, za ta koma ƙasarsu gaba ɗaya.

A tasha muka tarar an yi cancel ɗin jirgin ƙasan da za mu hau. Muka ruga muka shiga bas.

"Za mu kai tashar Seven Sisters kafin bakwai da rabi?" Umma ta tambayi direban.

Kafaɗa kawai ya ɗaga. Jan fitila goma sha ɗaya na ƙirga a hanya. Takwas saura kwata muka samu tube, jirgin ƙarƙashin ƙasa.

Stockwell

Takwas da minti ashirin muka ƙwanƙwasa ƙofa. Gidan duk kwalaye, a bango sai shatar inda hotuna suka zauna. A kan tebur akwai wani akwatin katako a buɗe, da faranti mai kek uku da ta gasa da kanta.

Na rusuna na gaishe ta, idona a ƙasa. Ta turo mini farantin. Na ce na ƙoshi, kamar yadda nake yi a gidan kowane babba, ina jiran tayi na biyu. Bai zo ba. Ta dube ni, ta dubi agogo, ta rufe akwatin ta soma neman salatif.

"Ke Hafsat," Umma ta ce ƙasa-ƙasa, "nan ba gidan Gwaggo ba ne. Ta ɗauka ƙyamar abincinta kike yi. Kin kuma ƙi kallonta."

"Umma, ki faɗa mata."

"Aikin waye?"

Na ɗauki kek ɗin. Na ɗaga kai na kalle ta, na ce a wurinmu kunya ce, girmamawa ce, kuma tun asuba ban ci komai ba. Ta jira har na cinye. Sannan ta ƙara turo farantin, ta buɗe akwatin.

Hoton lauyan ta fara nuna mini: siriri, gashin baki, tawada a yatsansa ɗaya. Mahaifinsa manomin zaitun ne, ya sayar da rabin gonarsa don ɗan ya karanta shari'a. Mahaifiyarsa 'yar alƙali ce, danginta suka yanke zumunci da ita saboda ta auri manomi. Da ya shiga majalisa, kawunsa na wajen uwa yana ɗaya ɓangaren, suna fuskantar juna ba sa gaisawa. Na cika shafi shida.

"Sun shirya daga baya?" na tambaya.

Sai aka danna ƙararrawa. Masu ɗaukar kaya ne. Ta ce amsar tana cikin wasiƙunsa da ke akwatin, ita ma ba ta taɓa karanta su duka ba. Ni na riƙe mata murfin tana naɗa salatif.

Gida

Sha ɗaya da rabi muka iso Edmonton. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu lafiya, na gode wa Umma da ta ƙi yin magana a madadina. Ran Litinin na miƙa aikin. A layin ƙarshe na rubuta cewa ban san ko sun shirya ba.