Furar Gwaggo Hanne

Ina 'yar firamare a lokacin, don haka mai yiwuwa abin da na gani ya cakuɗe da abin da aka riƙa ba mu labari. Da kaka ne dai, shekarar da naira ta maye gurbin fam, ranar da uwargidan gwamnan soja ta ratsa Sheme za ta Faskari taron mata.

A makon ne aka ɗora wa Gwaggo Hanne, ƙanwar babana, maita. Yaron maƙwabta ya kwanta da zazzaɓi yana kiran sunanta, shi ke nan. Ita da furarta ke ƙarewa kafin azahar, sai ta koma wuni a bakin titi tana korar ƙuda. Ni ma a filin gaɗa aka daina kama hannuna. Dattawa suka yanke cewa in Juma'a ta zo yaron bai tashi ba, ta bar garin. Baba ya hana ta fita, ta ce, "Yaya, in na ɓuya, na amsa ke nan." Ni na ɗauko mata ƙwaryar nono.

Motocin uwargidan gwamnan suka tsaya inda aka jera mata masu tarba. Kowa ya ja nesa da mu, kuma ina jin wannan filin da aka bari ne ya ja idon baƙuwar. Ta tako har gabanmu ta ce, "Inna, dama mini." Matar maigari ta yi maza ta raɗa mata wani abu, wani soja ya matso. Gwaggo ta dama ta miƙa mata. Baƙuwar ta tsuguna, ta yi bisimilla, ta sha, ta ƙara. Sannan ta miƙa wa matar maigari ludayin: "Hajiya, taya ni." Wa zai ƙi ludayin matar gwamna a gaban jama'a? Ta sha.

Ba zan rantse cewa wannan kaɗai ya tsare Gwaggo ba, domin yaron ma daga baya ya warware. Amma Juma'a ta wuce ba wanda ya tada maganar. Da mata suka fara jefa ƙuri'a, tambayar iyayenmu kan matar kowane ɗan takara guda ce: "Ta sauko ta sha, ko daga mota ta ɗago hannu?" Yau motocin ko gilashi ba sa saukewa. Gwaggo dai a ɗakinta ta tsufa, a Sheme aka binne ta.

In akwai wanda ya tsaya a bakin titin nan ranar, don Allah ya gyara mini inda na kuskure.