Makunnin da Baba Ya Ƙara wa Oba-Oba

Duk yaran layinmu a Sintali sun san Juma'a ce ranar tatsuniya a gidanmu, kuma sun san ba a farawa sai Baba ya kunna oba-oba. Lokacin ba a daɗe da mayar da Jalingo babban birnin jiha ba, ina aji huɗu a firamare. Da an idar da sallar magariba, Dada, kakarmu ta wajen uba, za ta hura wuta a murhunta na gindin taga, ta jera masara a kai, ta watsa ɓawon lemo saboda sauro. Mu kuwa mu baje a tabarma, ni da ƙannena da 'ya'yan maƙwabta, ana ture-ture a kan wanda zai zauna kusa da ƙafarta.

Tagar nan ta ɗakin Baba ce, a bayanta teburin rediyonsa yake. Ba rediyon jin labarai ba, oba-oba ne, irin wanda kake magana ta cikinsa a ji ka a wata ƙasa. Baba, wato Malam Buba, malamin lissafi ne a sakandare, amma rabin ransa yana wajen wannan abu. Shi da yayansa, Baffa Hammadu, suka yi odar kayan tun suna samari, aka aiko musu a kwali ƙwaya-ƙwaya da takardar zane. Suka zauna suka haɗa guda biyu iri ɗaya, suka yi jarrabawa aka ba su lasisi. Na Baba a cikin tsohon gwangwanin biskit yake. Eriyar kuwa doguwar waya ce daga mangwaronmu zuwa bishiyar dogon yaro ta gidan baya, Inna mahaifiyata ta sha rantsuwa wata rana sai ta yi shanya a kanta. Kuma bawan Allahn nan ba ya iya barin abu yadda yake. Abu yana aiki lafiya lau, sai ka ga ya sa ƙarfen narka dalma a garwashi, ya kwance naɗin wayar tagulla ya sake naɗawa, wai zai fi. Wani lokaci ya fi ɗin, wani lokaci mu yi kwana uku muna shaƙar ƙauri.

Ɗaya rediyon yana Gabon tare da Baffa. Can ya tafi aikin gyaran injina a sansanin masu yankan katako, cikin dajin da babu tarho, wasiƙa kuma sai ta yi watanni a hanya. Shi ya sa suka tsayar da Juma'a, daga magariba zuwa ƙarfe takwas, lokacin da ake kashe janaretan sansanin.

Dada ba ta yarda da tafiyar nan ba. An ce ranar da zai tafi ya durƙusa a ƙofar ɗakinta har gwiwarsa ta yi tsami, ita kuwa ta juya masa baya tana tankaɗe. Ga shi ɗan fari ne, ita kuma Bafulatana ce ta ainihi, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, sai dai “wancan” ko “yayanku”. Kunya da fushi suka haɗu wuri ɗaya, babu mai iya gane inda ɗaya ta tsaya. Shekara shida yana can, abu ɗaya yake jira daga bakinta, ta ce ta yafe masa.

Kowace Juma'a, bayan sun gama gaisuwa da hirar wayoyinsu, sai mu ji muryarsa cikin shuu ɗin nan: “Dada tana kusa? Oba.” Baba ya leƙo ta taga ya ce, “Dada, Yaya yana gaishe ki.” Ita kuwa ta juya masara ta ce, “Ka ce masa bana ruwa ya sauka da wuri.” Shi ke nan fa gaisuwar. Sau ɗaya Baffa ya yi ƙarfin hali ya ce a roƙa masa gafararta. Ta miƙe ta shige ɗaki ta bar mu da masara tana ƙonewa, ranar ko tatsuniya ba mu samu ba. Bai sake ba.

Sai Baba ya yi dabara. Ya ƙara wa makirufon tsawon waya, ya riƙa jingina hannunsa a bakin taga daidai saman kanta, ita tana ba mu tatsuniya, Baffa yana ji a Gabon. Wai ba ta sani ba. Haba Dada! Matar da ranar Juma'a kaɗai take ɗaura ɗankwalinta na sallah, ta yi gyaran murya sau uku, ta ɗaga harshe kamar mu kurame ne.

Rediyon yana da hali ɗaya, kuma a kan halin nan komai ya tsaya. Akwai maɓalli a jikin makirufon. In ka danna, ana jin ka amma kai ba ka jin kowa. Sai ka ce “oba”, wato ka gama, ka saki, sannan za ka ji na can. Maɓallin kuwa mai tauri ne, babban yatsan Baba ba ya daɗewa sai ya gaji ya saki don ya murza shi. A wannan ɗan tsakanin Baffa yake samun shiga. Mu ji dariyarsa, ko ya ce, “To sai kura ta yi yaya? Oba.” Dada ta harare mu ta ce, “Ku gaya wa mai katse mini magana ya yi haƙuri, ana zuwa wurin.” Mu fashe da dariya, ita ma ta rufe baki da gefen zane. Hirar uwa da ɗa ke nan, babu wata bayan ita.

Dada ba ta buɗe tatsuniya yadda ake yi a makaranta. Cewa take, da Hausarta mai ɗanɗanon Fulatanci, “Ta taso daga daji, tana neman wuta.” Mu ce, “Mun ba ta tabarma!” Akwai wadda muka fi ji, ta wata mata mai shanu da ɗanta da ya nace sai ya bi kogi ya ga inda ya ƙare. Uwar ta hana, ya tafi, ba ta ba shi ko ƙwaryar nono ta guzuri ba. A can ƙarshen kogin aljanar ruwa ta mayar da shi tsuntsu, ta ce ba zai koma mutum ba sai uwarsa ta ɗaga kai ta dube shi. Kullum da yamma ya zo ya sauka a kan tsamiyar gidansu yana kuka, uwar tana shara, ta san ko wane ne, ba ta ɗaga kai. Yadda Dada ta saba ƙarasawa, damina ta zo, tsuntsun ya gaji ya tashi, ba a sake ganinsa ba. Sai ta nuna mu da karan masara ta ce, “Kun ji abin da ke samun wanda ba ya jin magana.”

Wata Juma'a cikin damina muryar Baffa ta zo da tari. Ya ce zazzaɓi ne, zai wuce. Duk makon nan ina ganin Dada tana mayar da tuwonta ba ta ci ba.

A makon nan ne Baba ya yi gyaransa. Ya ce shi fa ya gaji da ciwon yatsa. Ya ciro makunnin wata tocila da ta mutu, ya huda gwangwanin biskit ya dasa shi, yadda in ya tura sau ɗaya rediyon zai yi ta aikawa ba sai an riƙe komai ba. Ya buga ƙusa a bakin taga ya rataye makirufon. Har kiran mu ya yi mu zo mu gani, yana murza hannu yana cewa, “Yanzu Yaya zai ji tatsuniya daga farko har ƙarshe, babu yankewa.” Wallahi da zuciya ɗaya ya yi, na sani. Amma har yau in na tuna murmushinsa na ranar sai raina ya ɓaci.

Juma'a ta zo. Da ƙyar muka gane muryar Baffa. Bai yi hirar waya ba, cewa kawai ya yi, “Buba, ku sa mini Dada. Oba.” Baba ya tura sabon makunninsa, ya koma kan kujera ya harɗe hannu.

Dada ta ɗauko tatsuniyar tsuntsu. Amma ranar ba ta tafi yadda ta saba ba. Ta yi ta ja. Matar ta share tsakar gida, ta sake sharewa. Ta tatsi shanu ɗaya bayan ɗaya, Dada tana faɗin sunan kowace saniya da launinta. Ta je rafi ta dawo. Ta hura wuta, wutar ta mutu, ta sake hurawa. Ƙanena ya ce, “Dada, tsuntsun fa?” Ta ce, “Yana nan, ɓingel am, ɗana, bai tashi ba.” Na lura masara ta zama gawayi ba ta juya ba. Ni a yarintata haushi nake ji, ina cewa a raina tsohuwar nan ta manta labarin. Ban san ƙarfin hali take tarawa ba.

Sai da ladanin masallacin layinmu ya gama kiran isha'i sannan matar cikin tatsuniya ta ajiye tsintsiya. Dada ta ce, “Sai ta ɗaga kai.” Ita ma ta ɗaga nata, ta dubi makirufon da ke rataye a ƙusa. Ta ce, “Ta ce masa, Hammadu, sauko. Na yafe maka duniya da lahira.”

Tunda nake ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Inna da ke bakin madafa ta saki ludayi. Baba ya zabura ya mayar da makunnin, ya ce: “Yaya, ka ji? Oba.” Shuu kawai. Ya sake kira, ya murɗa nan, ya murɗa can, ya fita cikin yayyafi ya duba eriya. Ya dubi agogo ya ce ai takwas ta gota, sun kashe janareta, amma tabbas ya ji. Dada ta shiga ɗaki. A daren ta cinye tuwonta tas.

Juma'ar da ta biyo baya, ba muryar Baffa ce ta fito ba. Wani Markus ne, mutumin Kona ta nan kusa da Jalingo, abokin aikinsa da suke ɗaki ɗaya. Ya ce Allah ya yi wa Hammadu rasuwa ranar Lahadi, Musulmin sansanin sun yi masa sutura. Gida ya ɗauki kuka. Dada ba ta motsa daga kan kujerarta ba. Da hayaniya ta ɗan lafa, ta ce wa Baba, “Ka tambaye shi, ya ji ƙarshen?”

 Ina ma Markus ya yi mana ƙarya. Amma mutumin kirki ne, kuma bai san me aka faɗa a ƙarshen ba. Ya ce, “Mama, da farko yana ji, har yana murmushi. Sai jikinsa ya soma rikicewa. Ya ce mini bari Buba ya saki, ina da magana da Dada. Ya jira, ya jira, ba a saki ba. Sai ya danna nasa ya fara kira, Dada ki yafe mini, Dada ki yafe mini. Na ce masa Malam, ba sa jin ka, suna magana. Ya ƙi saki. Yana cikin kira aka kashe janareta. Daga daren nan kuma bai sake sanin wanda ke kansa ba. Oba.”

Baba ya kifa kansa a kan teburin. Ban taɓa ganin babban mutum yana kuka haka ba, yana dukan gwangwanin yana cewa, “Yatsana ne kawai ya gaji, Dada. Yatsa kawai.” Ta ce, “Tashi, Buba. Ni na ja labarin.” Har suka bar duniya kowannensu yana riƙe da nasa laifin, babu wanda ya yarda ɗayan ya karɓe masa.

Na daɗe ina jin haushin su duka biyun, shi da hannunsa marar zama, ita da kunyarta da ta cinye shekara shida. Da ina ƙarama na ɗauka tatsuniyar tsuntsu gargaɗi ce ga yara masu taurin kai. Sai da na haifi nawa, na ji yadda magana mai sauƙi take maƙalewa a wuyan uwa, na gane da kanta take. Kowace Juma'a tana gaya wa kanta abin da zai faru in ba ta ɗaga kai ba, kuma ta kasa. Ranar da ta iya, ta iya da dukan zuciyarta. Na daina jin haushinta, amma ciwon bai ragu ba.

Bayan sadakar arba'in, Baba ya ciro filaya zai sauke eriyar daga mangwaro. Dada ta fito ta hana shi. Da magaribar Juma'a ta yi, ta sallami yaran maƙwabta da suka taru, ta shiga ɗakin Baba, ɗakin da ba ta taɓa takawa ba, ta zauna a gaban teburin. Ta ce ya kunna. Ya kunna, ya miƙa hannu zai ɗauko mata makirufo. Ta riƙe hannun.

“Kada ka danna komai,” in ji ta. “Na yi magana da yawa. Yanzu shi zai yi.”

Shekara huɗu ta ƙara a duniya. Kowace Juma'a tana zaune a wurin, daga magariba har ƙarfe takwas.